Gandayen Kudancin Ƙasar Amurka a Lokacin Yaƙin Basasa

Shugaban wannan zama, malamai, ɗalibai, assalamu alaikum.

Duk wanda ya karanta tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, ya san shugaban Amurka Linkon da Janar Lee na Kudu da Janar Grant na Arewa. Yau fagen daga za mu bari, mu shiga gandayen auduga da gidajen talakawan Kudu, domin a ganina a can ƙasar da 'yan Kudu suka kafa ta fara rugujewa, tun sojanta ba su ajiye makamai ba.

Jihohin Kudu 11 ne suka ɓalle daga Amurka suka kafa ƙasarsu. Mutanenta kimanin miliyan 9 ne, wajen miliyan 3 da rabi daga cikinsu bayi. Shugabanninta ba su ɓoye abin da suke karewa ba. A watan Maris na 1861 mataimakin shugaban ƙasar, Alexander Stephens, ya faɗa a bainar jama'a a jihar Jojiya cewa harsashin sabuwar gwamnatin shi ne baƙar fata ba daidai yake da Bature ba, bauta ce matsayinsa. To amma ku riƙe wannan: yawancin Turawan Kudu ba su da bawa ko ɗaya. Ƙananan manoma ne, masara suke nomawa da hannunsu.

Da yaƙi ya yi tsawo, masu shiga soja don kansu suka yi ƙaranci. A watan Afrilu na 1862 aka yi dokar tilasta wa duk Bature ɗan shekara 18 zuwa 35 shiga soja, amma mai kuɗi yana iya ɗaukar wani ya tafi a madadinsa. A watan Oktoba aka ƙara da cewa duk gandun da ke da bayi 20 ko fiye, a bar masa Bature ɗaya ya zauna gida. Me ya sa? Tsoro. Ubangijin bayi ya san idan maza suka ƙare a karkara, babu mai tsare masa su. Ƙasar tana bukatar kowane namiji a bakin daga, tana kuma bukatarsa a bakin gandu da bulala. Ba a gudu ana susar takashi. Talakawa suka riƙa cewa yaƙin na masu kuɗi ne, faɗan kuwa na talaka.

Nauyin ya sauka a kan matan da aka bari. Jiragen ruwan Arewa sun toshe gaɓar teku, gishirin da ake adana nama da shi ya yi wuya, kuɗin takarda ya zama ba shi da daraja. A 1863 gwamnati ta fara karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. Mata suka yi ta rubuta wa gwamnoni takardun koke, suna kiran kansu matan sojoji, suna neman abinci ko a dawo musu da mazajensu. Ranar 2 ga Afrilu, 1863, a Richmond, babban birnin ƙasar, ɗaruruwan mata suka fito da gatura da wuƙaƙe suka fasa shaguna. Sai da shugaba Jefferson Davis da kansa ya zo wurin, aka yi barazanar buɗe musu wuta, sannan suka watse. Mazajensu kuma da suka ji halin da gida ke ciki, da yawa suka gudu daga soja.

Yanzu mu zo ga bayin, waɗanda aka lissafa su cikin dukiya tare da alfadarai. Wata guda da ɗoriya bayan fara yaƙi, a watan Mayu na 1861, wasu bayi uku da aka sa aikin gina shingen sojan Kudu suka shiga kwalekwale da dare suka haye zuwa sansanin Monroe na sojan Arewa a jihar Bajiniya. Janar Butler, kwamandan sansanin, ya ƙi mayar da su. Labari ya bazu, mata da yara da tsofaffi suka riƙa kwarara. A watan Mayu na 1862 Robert Smalls, bawa matuƙin jirgin ruwa a birnin Charleston na Kudu, ya ɗebi iyalinsa ya fice da jirgin sojan Kudu ya miƙa wa 'yan Arewa. Kafin yaƙi ya ƙare kimanin rabin miliyan sun tsere. Waɗanda suka zauna kuwa sun sassauta aiki, sun daina tsoron uwargida, suna nuna wa sojan Arewa hanya. Shi ya sa ba na yarda a ce Linkon shi kaɗai ya 'yanta su da sanarwarsa ta 1 ga Janairu, 1863. Sanarwar tana da girma, amma ta tarar da su a kan hanya.

Baƙaƙen fata kusan 180,000 ne suka sa kakin sojan Arewa. Cikinsu har da ɗan ƙasarmu, Muhammad Ali Sa'id ɗan Kukawa ta Borno, wanda aka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, ya isa Amurka yana da 'yancinsa, ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863.

Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, shugabannin Kudu suka fara maganar ba wa bayi bindiga. Ɗaya daga cikinsu, Howell Cobb na Jojiya, ya ƙi, ya ce idan bayi za su iya zama sojojin kirki, to duk hujjarsu ta bauta kuskure ce. Duk da haka majalisarsu ta amince ranar 13 ga Maris, 1865, ba tare da ta yi wa ko mutum ɗaya alkawarin 'yanci ba. Mako uku bayan nan Richmond ta faɗi, kuma rundunonin baƙaƙen fata suna cikin sojan Arewa da suka shiga birnin ranar 3 ga Afrilu.

Nan zan tsaya, shugaba, a ba masu tambaya dama.