Hutun Kora Shanu a Amurka: Me Ya Hana Su Sukuwa?

Wannan bidiyon da ke ta yawo, na Turawa bisa dawaki a bayan garke, ba fim ɗin kaboyi ba ne. 'Yan hutu ne. Dubban daloli suka biya don a bar su su kora shanun wani na mako guda. E, su suka biya. Bafulatani ya ji wannan, sai dai ya riƙe baki.

A jihohi irin su Montana da Wyoming ake yi. Dusar ƙanƙara na narkewa, wajen watan Yuni, masu shanu sukan haura da su tsaunuka inda ciyawa ta tsiro, su sauko da su a Satumba ko Oktoba kafin sanyi ya kama. Da baƙo ko babu baƙo, tafiyar dole ce.

Za a ba ka doki, a gwada hawanka, kwana a tanti, tashi da asuba.

To, tambayar da kuka dame mu da ita: me ya sa suke tafiya kamar masu kai amarya?

Ko a 1867, da ake koro shanu daga Texas zuwa Abilene a Kansas don a loda su a jirgin ƙasa, wajen kilomita 24 ake ci a rana. Saniyar da aka gudu da ita ramewa take yi, ramammiya kuwa ba ta daraja a kasuwa.

Amma babban dalilin yau, maruƙa ne. Garken uwa da ɗa ne. Aka matsa musu, sai uwaye su yi gaba, maruƙa su taru a baya suna kuka. Maraƙin da ya rasa uwarsa kuma ba gaba yake nemanta ba, juyawa yake yi da gudu zuwa inda ya sha nono na ƙarshe, ko da wurin na can inda aka baro tun safe. Ɗaya ya ɓalle, biyar sun bi shi. Sukuwar mutum ɗaya ta jawo aikin yini.

Shi ya sa ko an isa, ba mai sauka daga sirdi. A kewaye garken, a tsaya cik, har kowace saniya ta shinshino ɗanta. Wannan tsayuwar ba ta shiga bidiyo, don ba ta da armashi, amma ni a ganina nan ne kiwon yake.

Makiyayinmu kan shige gaba da sandarsa, ya yi kira, shanu su biyo shi don sun san muryarsa. A Amurka kuwa, tura su ake yi daga baya da gefe. Sabon shiga kuwa, yawanci can ƙarshen garke ake ajiye shi, wurin gurguwa da mai nawa, inda ƙurar kowa ke sauka. Ƙyallen da mai wannan wurin ke rufe fuska da shi ba ado ba ne.