Keke da tafiyar ƙafa a Banff, daga gari har Ink Pots

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya, ko da yake nasan ku a gida yanzu azahar ta yi, tsakaninmu awa 7 ne. Yau na fito daku daga birnin Calgary na Kanada, mun taso tun ƙarfe shida ni da abokina, awa ɗaya da rabi muka yi a mota, gashi yanzu muna cikin garin Banff. Ku kalli bayana dan Allah, dusar ƙanƙara ce har yanzu a kan duwatsun nan kuma muna watan Yuni ne fa. Garin kansa yana sama da mita 1,300 daga matakin teku, shi yasa iskar take da wani irin sanyi mai shiga hanci, ina sanye da riga uku amma hannuna sai da na cusa a aljihu.

Gandun dajin Banff da garin nan yake cikinsa shine na farko a duk Kanada, tun 1885, kuma asalinsa wani ruwan zafi ne da ma'aikatan layin dogo suka ci karo dashi a 1883 a gindin dutse, duk wanda ya taɓa zuwa Wikki a Yankari zai gane irin abin da nake nufi, sai dai na nan warin kibiritu yake.

Toh mun karɓi hayar kekuna, abokina ya ɗauki mai batir ni na ɗauki na taka da ƙafa, sun bamu hular kwano da makulli. Sai kuma wannan gwangwanin da kuke gani a ƙuguna, feshin barkono ne na korar beyar, matar shagon bata barmu mun tafi ba sai da ta nuna mana yadda ake cire makarin, tace kar mu kuskura mu saka shi cikin jaka, ya zauna inda hannu zai kai nan take. Dokar wajen itace in kaga beyar ka bashi mita 100, in barewar nan ce babba da suke kira elk mita 30, kuma wanda aka kama yana bawa dabba abinci tarar tana iya kaiwa dalar Kanada 25,000.

Mun bi ta gefen tafkunan Vermilion, wancan dutsen da yake kaman an yanka shi da wuƙa a karkace shine Rundle, dubi yadda ya fito cikin ruwan sak. Ban tsaya sosai ba don abin da ya kawo ni yana gaba.

Yauwa, gashi nan. Wannan itace Bow Valley Parkway, kuma abin da yasa na dage sai mun zo kafin 25 ga wata shine a irin wannan lokacin ana hana motoci bin kilomita 17 na hanyar, daga nan har Johnston Canyon, sai masu keke kawai. Bari in yi shiru ku saurara. Kunji? Ba hon, ba ƙarar inji, sai ƙarar sarƙar kekena da iska a cikin bishiyoyi da wani tsuntsu can nesa. Wallahi tun da nazo ƙasar nan ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ni da na tashi a unguwar da tun asuba adaidaita sahu ke tashinka, sai naji kirjina ya buɗe, har na rage gudu da gangan don kar hanyar ta ƙare da wuri. Kuma a irin wannan lokacin da daddare daga ƙarfe 8 zuwa 8 na safe ko mai keke ko mai tafiya a ƙasa ba a barinsa ya shiga, an bar wa dabbobin hanyar gaba ɗaya suyi kiwonsu su tsallaka da 'ya'yansu, wannan abu ya burge ni ƙwarai, hanya mai kwalta lafiyayya amma aka ce a'a, dare nasu ne.

Elk guda uku muka gani a wani fili kusa da hanya, muka tsaya nesa, babu wanda ya yi magana, ɗaya ta ɗago kai ta kalle mu ta ci gaba da cin ciyawarta. Beyar kam bamu gani ba sai kashinsa a gefen kwalta, abokina yace mu dinga magana da ƙarfi a duk kwana, haka ake yi don kar ka faɗo masa ba zato, sai muka kama hira da Hausa da babbar murya a tsakiyar dajin Kanada.

Akwai hawa a hanyar nan fa, kar wani ya ce muku shimfiɗaɗɗiya ce, cinyoyina sun ji a jikinsu kafin mu iso. Mun ɗaure kekunan, yanzu sai ƙafa. Johnston Canyon kwazazzabo ne da ruwa ya ci dutse ya huda shi, sun kafa gadoji na ƙarfe a jikin bangon dutsen, kana tafiya ruwa na gudu a ƙarƙashinka, launinsa tsakanin kore da shuɗi. Magangarar farko bata da nisa, kilomita ɗaya da ɗan wani abu, akwai wani ɗan kogo da zaka sunkuya ka shiga sai kawai ka ganka gab da ruwan yana fesa maka a fuska, kyamarar ma ta jiƙe ku yi haƙuri da hoton. Ta biyun ta sama kusan mita 30 ce tsayinta. Zaku ga alluna ko'ina an hana sauka daga kan hanya, saboda wata baƙar tsattsewa ce take sheƙa a jikin bangon nan mai danshi kuma sun yi ƙaranci sosai, ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Naga wani ya ɗaga ƙafa zai tsallake shingen don ɗaukar hoto, raina ya ɓaci gaskiya, Allah yasa matarsa ta janyo shi.

Yawancin mutane daga nan suke juyawa, mu muka wuce. Hanyar ta koma cikin daji, hawa dai hawa, sai numfashi, sannan ta gangara ta buɗe ga wani kwari mai faɗi duwatsu sun kewaye shi. Ink Pots kenan, kusan kilomita 6 daga inda muka bar kekuna. Ƙananan idanun ruwa ne, in ka zuba ido zaka ga yashin ƙasan yana motsi yana yin zobe zobe inda ruwan ke ɓuɓɓugowa, sanyinsa kusan digiri 4 ne rani da damina, kuma kowanne da kalarsa.

A nan azahar ta same mu. Da ruwan gorarmu muka yi alwala, na duba waya alƙibla a nan arewa maso gabas take, muka shimfiɗa rigunan sanyi a gefe inda ba zamu tare wa kowa hanya ba muka yi ƙasaru raka'a biyu. Bayan sallama na daɗe a zaune ban tashi ba, babu abin da ke bakina sai subhanallah. Muka ci dabino da burodi da dambun naman da Umma ta aiko min, muka kwashe komai har ƙwallon dabinon muka mayar jaka.

Yanzu saura komawa, kilomita 6 a ƙafa sannan kusan 25 a keke, kuma dole mu fita daga hanyar kafin 8 mu mayar da kekunan mutane. Rana kam ba matsala, sai wajen ƙarfe 10 take faɗuwa. Batirin kyamara saura kaɗan, bari in kashe in ajiye sauran don tafkin Vermilion da yamma.