Fensirin Holmes da Alfadarin Jackson

Bilkisu: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda zanen nan na Holmes na tsofaffin gidajen jikin dutse a Amurka ya fara yawo a waya, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: ga kyamara a zamanin, me ya sa gwamnatin Amurka take biyan mai zane? Malam Habu, bismillah.

Malam Habu: Ai kyamarar ce ta sa dole a nemi mai zane. William Henry Jackson ya riga kowa ɗaukar hoton gidan bene na kwazazzabon Mancos, a Kolorado, a 1874. William Henry Holmes ya biyo baya da fensir a 1875. Dukansu suna cikin ayarin safiyon gwamnati ne da Ferdinand Hayden yake jagoranta. To ku ji yadda ake hoto a lokacin. Farantin gilashi za ka goge, ka zuba masa kolodiyon, wani ruwan sinadari mai danƙo, ka tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa a tanti mai duhu, ka ruga da shi kyamara, ka dawo ka wanke tun yana da danshi. Minti goma zuwa sha biyar kake da su. Ya bushe, an yi asara.

Nura: Ga zafi ga ƙura.

Malam Habu: Ƙwayar ƙura ɗaya tabo ce. Ruwan wankin ma sai an hau da shi. Amma babbar matsalar ita ce launi. Kolodiyon shuɗi yake gani, ja da ruwan ɗorawa kuwa sai su fito masa da duhu. Dutsen yashin wurin ruwan ƙasa ne, gidan ma da shi aka gina, kuma yana can cikin inuwar kogo. Sai sama ta fito fari fat, bango da dutse su cakuɗe.

Nura: Malam, ka tsallake alfadari.

Bilkisu: Na san za a zo nan.

Nura: Anti, dole ne. Sunan alfadarin Jackson Hypo, wato sunan maganin da ake kafe hoto da shi. Kamar mai shayi ya sa wa jakinsa Madara.

Bilkisu: Ko mai wanki da guga ya kira nasa Bula.

Nura: Bakanike kuma Giris. "Giris, tsaya mana!"

Bilkisu: Giris ai ba ya tsayawa, zamewa yake.

Nura: Shi ya sa ba a ɗora masa gilashi.

Malam Habu: Kuna dariya, amma a 1873 kaya sun zame daga bayan wani alfadarin, gilasai suka farfashe, sai da Jackson ya koma ya sake ɗaukar wuraren. Littafin zane kuwa aljihu yake shiga.

Bilkisu: Shi Holmes ɗin daga ina ya fito?

Malam Habu: Ɗan jihar Ohio ne, haihuwar 1846. A Smithsonian, cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Amurka, ya fara, wajen 1871, yana zana ƙwarya da bawon halittun da suka zama dutse. Aikin nan ba ya son ƙawa, in layi goma sha biyu ne a jikin bawo, goma sha biyu za ka zana. Da wannan idon ya bi Hayden zuwa Yellowstone a 1872, har ya koyi karanta shimfiɗun dutse da kansa. A 1875 aka ba shi jagorancin rukuni guda a yankin kogin San Juan.

Nura: To a gaban gidan, me yake yi wanda kyamara ba ta iyawa?

Malam Habu: Abu uku a gida ɗaya. Zanen yadda yake daga ƙasa, da ɗan mutum a gefe don ka gane tsayi. Sai taswirar ɗakuna kamar an ɗaga rufi ana leƙawa. Sai yankan gefe, kamar ka raba kabewa biyu, ka ga rufin kogo, ka ga falalen da gidan ke zaune a kai, ka ga gangaren. Wannan na ukun babu kyamarar da za ta ba ka. Kuma dole ka hau ka auna, ta 'yan ramukan sa ƙafa da masu gidan suka sassaƙa.

Bilkisu: Zagayayyen ɗakin nan na cikin ƙasa fa?

Malam Habu: Kiva. A rahotonsa estufa ya kira shi, kalmar Sifaniyanci. Da tsani ake shiga ta rufi, murhu a tsakiya, ga ramin shigar iska, ga ɗan shinge tsakaninsa da murhu don kada iska ta watsa wuta. Ginin dutse ne da laka, a yi yaɓe, a jera itace kamar azara.

Nura: Ni Bandiagara ta Mali yake tuna mini, rumbunan mutanen Tellem na dā a jikin dutse.

Malam Habu: Kama ce kawai, ba dangantaka. Inda zan ɗan soki zanen shi ne maɗaba'a. A shekarun 1870 ba kasafai ake buga hoto kai tsaye cikin rahoto ba, yawanci sai wani ya sake sassaƙa shi a katako ko ya zana a dutsen bugu, a juye. Mutumin da bai taɓa ganin wurin ba sai ya miƙe bangon da ya karkace. Shi kansa Holmes ya ɗauki gidajen can sama a matsayin mafakar yaƙi, har yau ana muhawara a kai. Masu gidajen sun bar yankin kafin 1300, lokacin farin 1276 zuwa 1299, jikokinsu su ne ƙabilun Hopi da Zuni da mutanen Pueblo na Rio Grande. Babban gidan jikin dutse na Cliff Palace mai ɗaki kusan 150 kuwa sai a Disambar 1888 makiyayan shanu, Richard Wetherill da Charlie Mason, suka gan shi.

Bilkisu: Malam, saura minti ɗaya, ga shi ba mu taɓa zanen Holmes na Grand Canyon na 1882 ba.

Malam Habu: Wannan shiri guda ne. Holmes ya shugabanci hukumar nazarin al'adun 'yan asalin Amurka daga 1902 zuwa 1909, ya rasu 1933, sannan...

Nura: Giris ya zame da sauran.

Bilkisu: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.