Romon ƙumbar teku: inda yashi ke shigowa cikin miya

Ku dubi wannan kwanon. Romo ne garau, ƙamshinsa ya cika kicin, amma da cokalin farko sai ka ji garas-garas a haƙori. Yashi ne. Kwanan nan tambayar da ake ta yi mini ke nan: na wanke ƙumbar nan sau uku, na jiƙa ta, to daga ina yashin ya fito?

Ga wanda bai san ta ba, ƙumbar teku ita ce wannan 'yar halittar mai ɓawo biyu da ke buɗewa kamar littafi. A cikin yashi take zama, kuma da ranta ake sayen ta. Ku riƙe wannan, don duk bayanin yau a kansa ya rataya.

Zaɓe ba ya cin lokaci. Wadda ɓawonta ya fashe, a jefar. Wadda ta buɗe baki, ku ɗan ƙwanƙwasa ta. In ta rufe tana da rai, in ta yi biris ta mutu. Sauran a goge bayansu da buroshi a ƙarƙashin famfo. Shi ke nan.

To ga inda ake kuskure. Bidiyoyi da yawa na nuna a zuba su cikin ruwan famfo zalla a bar su. Wankin da kuka yi bayan ɓawo kawai ya tsabtace, yashin da ke damun ku yana can ciki, kuma babu mai fito da shi sai ita ƙumbar da kanta. Tana da 'yan bututu biyu, ɗaya na zuƙo ruwa, ɗaya na fesar da shi. Ba za ta zuro su waje ba sai ta ji ruwan ya yi kama da na gidansu. Ruwan da babu gishiri baƙo ne a wurinta, sai ta ƙulle bakinta gam, in kuma aka daɗe ta mutu da yashinta a ciki.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Saboda haka mu ma giram 30 zuwa 35 za mu narka a lita ɗaya ta ruwan sanyi, wato kusan cokali biyu na cin abinci. Ku ɗanɗana. Eh, ya yi gishiri sosai, haka ake so.

Yanzu ku lura da hannuna. Ban zuba su a gindin roba ba, a cikin gwagwa na jera su, ba a kan juna ba, sannan na nutsa gwagwar a ruwan. Dalili shi ne yashin da suka tofar ya faɗa ƙasa, inda ba za su sake zuƙo shi ba. A ajiye a wuri mai sanyi da ɗan duhu, kada a toshe da murfi mai hana iska. Minti 30 zuwa awa ɗaya.

Bari mu matso da kyamara. Kun ga ɗan bututun nan ya leƙo? Ga shi... ta fesa. Ni dai duk lokacin da na ga wannan sai na tsaya ina kallo, abin yana burge ni ƙwarai. Wasu na barbaɗa garin masara wai don ya sa su yi aman yashi. A ganina ba a buƙatarsa, gishirin ne ke yin aikin.

In lokaci ya cika, ɗaga gwagwar za ku yi sama. Kada ku juye ruwan ta kansu, don yashin zai koma inda ya fito. Ga abin da suka bari a gindin robar, ku gani da idonku. In ya yi yawa, a sake sabon ruwan gishiri a maimaita.

Turarawa kuwa nan da nan ce. Ɗan mai, albasa, tafarnuwa, kofi ɗaya na ruwa ga kowane kilo. Kada ku cika ruwa, domin da sun buɗe nasu ruwan za su saki, kuma shi ne ainihin romon. In tururi ya tashi a zuba su a rufe. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce minti 4 zuwa 9 a cikin tururin da ya riga ya tashi. Wadda ta ƙi buɗewa bayan haka, a jefar da ita.

A tsame su, a bar tukunyar ta huta minti biyar, sannan a tsiyaye romon a hankali ta cikin kyalle mai tsabta. Cokali biyun ƙarshe ku bar su a tukunya, komai ƙyashin da kuke ji, can ne ragowar yashin ke kwance.

Kada ku sa gishiri a miyar sai kun ɗanɗana, romon da gishirinsa ya zo. Naman kuma a ɓare a ajiye gefe, sai an kusa sauke miya a mayar da shi ya ɗumama kawai, don in ya sake dahuwa tauri zai yi kamar roba.