Yaron Aike da Mai Awo: Lacca a Kan Wajibi

(An rubuto ta daga naɗin wata lacca da aka yi wa ɗalibai a Gombe.)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku na zo da su: me ke sa aiki ya zama wajibi a kan mutum, daga ina wajibin ke samun ƙarfinsa, sannan me za a yi idan wajibai biyu suka yi karo.

Zan fara da wani Bajamushe masanin falsafa, Imanuwel Kant. An haife shi a 1724 a birnin Konigsbag, wanda yau yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad, kuma a can ya rasu a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Ku haɗa su a ranku, za ku riƙe zamanin. A 1785 ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi a kan tushen ɗabi'a, a ciki akwai misalin da ni dai ba na gajiya da shi, misalin ɗan kasuwar da ba ya tsawwala wa wanda bai san farashi ba, ko yaro aka aiko zai sayar masa yadda yake sayar wa babba.

Mu kawo shi gida. Ku ɗauka a Tudun Hatsi ne. Uwa ta ƙulle kuɗi a leda, ta aiki ɗanta ya auno mata mudu biyu na masara. Yaron bai san farashin yau ba, bai san yadda ake gane mudun da aka bubbuge wa gindi ba, idonsa ma yana can kan mai rake. Mai awo ya cika mudu taf, ya kara hannu a gefe kamar yadda yake yi wa kowa, ya zuba gyara, ya ƙirga canji ya ƙulle masa, ya ce, "Riƙe da kyau, ka gaida Mamanka." Ya yi daidai? Ya yi daidai. To Kant ya ce tsaya tukuna, me ya sa ya yi?

Nan ne maganar take, 'yan uwa. Wataƙila ya san uwar nan za ta sake aunawa a gida, in ta ga tawaya gobe ba za ta aiko ba, kuma sai ta gaya wa duk matan layinsu. Kun san labari in ya shiga gidan suna, ya gama gari. (dariya) In don haka ya cika mudu, to aikinsa ya dace da wajibi, amma ba wajibin ne ya motsa shi ba, lissafin ciniki ne. Ba laifi ya yi ba, ku fahimce ni, sai dai ba a nan darajar ɗabi'a take ba. Yanzu ku sauya yaron. Baƙo ne, daga ƙauye suka shigo, motarsu ta kusa tashi, ba zai sake dawowa ba har abada. Maƙwabtan rumfa duk sun tafi Azahar. Babu mai gani, babu mai ba da labari, babu ribar da gaskiya za ta jawo. In ya cika mudun nan a wannan hali, saboda kawai haƙƙin yaron ne a cika masa, wannan shi ne aikin da aka yi don wajibi. Ina so ku ji wannan sosai: mudu ɗaya, masara ɗaya, hannu ɗaya, amma aiki biyu ne daban. Aiki biyu ne daban!

Na ga wasu suna gyaɗa kai, na san abin da ya faɗo muku. Hadisin niyya, wanda Imamu Bukhari ya buɗe littafinsa da shi, da kuma Suratul Muɗaffifin a kan masu tauye awo. Haka ne, mu ba baƙin wannan magana ba ne. Amma kada ku yi saurin cewa abu ɗaya ne, domin a kan tushe aka rabu, kuma ga shi na shiga batu na biyu. Kant ya ce hankali ne ke ɗora wa mutum wajibi. Ya ba da ma'auni: kafin ka aikata abu, tambayi kanka ko za ka yarda dalilinka ya zama doka ga kowa. Mutum ya zo rance, ya ce ranar Juma'a zan biya, alhali ya san ba zai biya ba. In kowa ya yi haka, wa zai ƙara yarda da alkawari? Ƙaryarsa ba ta cin nasara sai don wasu suna cika nasu. Ya kuma ce kada ka ɗauki mutum a matsayin kayan aiki kawai, yadda mai tauye mudu ya mayar da yaron nan hanyar samun kuɗi. Malamanmu sun yi wannan muhawara tun ƙarnuka kafin shi: Mu'utazilawa suka ce hankali na iya gane kyakkyawa da mummuna da kansa, Ash'ariyya suka ce wajabci ba ya tabbata sai da shari'a. A Ingila kuma su Bentam da Mil suka ce a duba sakamako kawai, abin da ya fi amfanar mafi yawa. Wannan sai wata rana.

Na uku... Na'am, 'yata, ga hannunki. A miƙa mata abin magana.

"Malam, in wani ya gudo ya ɓuya a gidanmu, masu neman kashe shi suka zo suka tambaye ni, in faɗi gaskiya ke nan tunda wajibi ce?"

Allah ya yi miki albarka. Wannan tambayar aka yi wa Kant da ransa. Wani marubucin Faransa, Benjamin Konstan, ya ƙalubalanci ra'ayin, shi kuma ya amsa a 1797 cewa ko a nan ba a halatta ƙarya ba. A nan na rabu da shi, kuma rabuwa ta gaske. Mutumin da ya koya mana cewa ran ɗan Adam ba kayan aiki ba ne, yaya zai sa a miƙa rai don a tsare tsabtar harshe? Imamu Nawawi ya faɗa a fili cewa in wani ya ɓuya daga azzalumin da ke neman kashe shi, aka tambaye ki, ɓoye shi wajibi ne ko da ta hanyar ƙarya. Ba rangwame ba, wajibi. Akwai kuma hadisin Ummu Kulsum, cewa mai sulhunta mutane ba maƙaryaci ba ne.

A cikin Turawa ma, wani malamin jami'ar Okusfod da ke Ingila, Dauda Ros, ya rubuta a 1930 cewa wajibai da yawa ne: cika alkawari, gyara ɓarnar da ka yi, godiya, adalci, kyautatawa, gyara kai, da kame hannu daga cutarwa. Kowanne na da nauyi, in suka yi karo sai a duba wanda ya fi nauyi a wannan halin. Gaskiya ba ta daina zama wajibi a kanki ba, 'yata, wani wajibin ne ya rinjaye ta a bakin ƙofar nan. Shi ya sa ƙaryar ba za ta wuce gwargwadon buƙata ba, kuma in kina da hanyar kauce wa tambayar ba tare da ƙarya ba, ita ce gaba. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya mayar da wannan ƙofa ta zama babbar hanya, bashi ya ce lalura, jarrabawa ya ce lalura. A misalinki rai ne a kan sikeli, kuma ba naki ba, na wani.

Akwai wani hannu can baya, amma ga kiran La'asar. Riƙe tambayarka, ɗana, ka same ni bayan an idar.