Fim Ɗin Da Ba A Magana A Cikinsa Sai Da Waƙa: Lacca A Kan Les Parapluies de Cherbourg

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai da sauran 'yan'uwa mahalarta, barkanku da yamma.

Fim ɗin da zan yi magana a kansa shi ne Les Parapluies de Cherbourg, wato Laimomin Cherbourg, wanda Jacques Demy ya rubuta ya kuma ba da umarni, Michel Legrand ya tsara kiɗansa. Ya fito a Faransa a 1964, kuma a shekarar ya lashe babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na Cannes. Labarinsa ba shi da yawa. A watan Nuwamba na 1957, a garin Cherbourg da ke bakin teku, wani matashin bakanike mai suna Guy yana soyayya da Geneviève, wadda take taya mahaifiyarta tsaron shagon laimomi. Sai takardar kiran aikin soja ta zo masa, aka tura shi yaƙin Aljeriya na shekara 2, ya bar yarinyar da ciki. Wasiƙunsa suka yi ƙaranci, haraji ya ci ƙarfin shagon, uwar kuma ta matsa, har Geneviève ta auri Roland Cassard, wani dillalin lu'ulu'u da ya yarda ya ɗauke ta da cikin nata. Guy ya dawo a 1959 yana ɗingishi, ya tarar an sayar da shagon, ya yi ta ragaita, daga baya ya auri Madeleine, yarinyar da ta yi jinyar gwaggonsa, ya buɗe gidan mai da abin da ya gada.

Mu da muka saba da fina-finan Indiya da na Kano mun san waƙa a matsayin hutu: labari yakan tsaya, masoya su rera abin da ke ransu, sannan a koma zance. Demy ya ƙi wannan tsari gaba ɗaya. Tun daga farko har ƙarshe, cikin kusan minti 90, babu jimla ɗaya da aka furta da muryar magana. Mai mota yana tambaya ko an gama gyara da waƙa, uwa tana ƙorafin haraji da waƙa, ana tambayar irin man da za a zuba da waƙa. Kuma Demy ya san cewa wasu za su ga abin banbarakwai, shi ya sa a fitowar farko ya sa wani bakanike ya ce shi ba ya son wasan opera saboda waƙe-waƙensa suna damunsa, ya fi son silima, alhali shi ma rerawa yake yi.

A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Da yake komai waƙa ne, maganar kuɗi da maganar so sun zama daidai a kunne, mai kallo kuma yana gane cewa abin da ya raba masoyan nan ba wani mugu ba ne. Uwar ba azzaluma ba ce, bazawara ce da bashi ya yi wa katutu. Cassard mutumin kirki ne. Nisa, talauci da tsoron abin kunya su ne suka yi aikin, a hankali. Shi ya sa haɗuwar Guy da Geneviève ta ƙarshe a gidan man, a Disamba na 1963, take da ciwo: sun gaisa kamar baƙi, ta tambaye shi ko yana so ya ga 'yarsa da ke cikin mota, ya ce a'a, ta ja motarta ta tafi. Fina-finan soyayya kaɗan ne suke da ƙarfin halin faɗin cewa ana iya rabuwa da masoyi na farko kuma a rayu lafiya.

Akwai kuma launi. Mai tsara ɗakuna, Bernard Evein, ya yi wa bango ado da ruwan hoda, kore da shuɗi masu ƙarfi, har rigar mace takan dace da bangon da ta tsaya a gabansa. Wannan fim ne ya fito da Catherine Deneuve, wadda ta fito a matsayin Geneviève, ga duniya, ko da yake muryar da ake ji ba tata ba ce, ta mawaƙiya Danielle Licari ce, domin an naɗi waƙoƙin tun kafin a fara ɗauka, 'yan wasa suna bi da leɓe.

To, sai naƙasu. Mafi sauƙinsu shi ne gajiya: karin waƙar rabuwa a tashar jirgin ƙasa yana da daɗi ƙwarai, amma an maimaita shi har ya kusa ginsar mutum, kuma a tsakiyar fim akwai wurare da kiɗa yake tafiya ba tare da ya ƙara wa maganar komai ba. Na biyu, Madeleine ba a ba ta haƙƙinta ba. Tana nan tana haƙuri tana jira, kuma fim ɗin bai damu da ya nuna mana yadda take ji da zama wadda aka koma gare ta bayan an rasa wata ba, sai a tambaya ɗaya da ta yi wa Guy kafin ta amince.

Wanda ya fi damuna shi ne batun Aljeriya. Yaƙin nan, daga 1954 zuwa 1962, yaƙin ƙwatar 'yanci ne daga mulkin mallaka, kuma dubban ɗaruruwan Aljeriyawa sun rasa rayukansu a cikinsa. A fim ɗin kuwa ba a ga fuskar Ba'aljeriye ko ɗaya ba. Ƙasar ta zama wani wuri mai nisa da rana da haɗari, wanda ake ambata a wasiƙa, amfaninsa kawai shi ne ya raba saurayi da budurwa. Masu kare Demy suna cewa a lokacin hukumar Faransa tana sa ido sosai a kan fina-finai, kuma gaskiya ne, domin fim ɗin Jean-Luc Godard mai suna Le Petit Soldat, da aka ɗauka a 1960, an hana nuna shi har 1963 saboda ya taɓo azabtarwa a wannan yaƙi. Suna ƙarawa da cewa nuna sojan da ya dawo gurgu, mai fushi, wanda ya kasa riƙe aikinsa, shi ma wani nau'i ne na suka. Na yarda da rabin wannan hujja. Sai dai asarar da aka ƙirga ta Bafaranshe ce kaɗai, kuma mai kallo daga Nijar, wadda take da iyaka da Aljeriya ta kuma fita daga hannun Faransa a 1960, yana da damar ya tambaya me Guy ya je yi a can, kuma a kan wa aka ba shi bindiga.

A nan zan dakata domin masu tambaya.