Me Ya Tanƙwara Ƙwayar Ruwa?

An rubuto wannan daga rikodin laccar da wani malamin kemistiri ya yi wa ɗaliban sakandare a Argungu.

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, yau ina so kowa ya ji.

Ruwan Matan Fada da kuka sani, kowace ƙwayarsa atam uku ce: oksijin ɗaya, haidirojin biyu. To me ya ɗaure su? A 1916 wani Ba'amurke, Gilbert Lewis, ya ce ilektiron biyu, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke kewaye atam, su ne ke zama tsakanin atam biyu, kowane ɓangare na jan su, kamar yadda karkiya ke haɗa shanun huɗa. Layin nan da kuke ja a littafi tsakanin atam biyu, ma'anarsa ke nan. Yana damuna in ga yaro ya haddace layi bai san abin da ke cikinsa ba.

Me ya sa biyu? Ƙa'idar da masanin kimiyya Pauli ya fitar a 1925 ta nuna cewa ilektiron biyu kaɗai ke zama mazauni ɗaya, kuma sai juyinsu ya saɓa.

Ku ƙirga tare da ni. Kewaye da oksijin na ruwa akwai tagwayen ilektiron huɗu. Biyu sun riƙe haidirojin, biyu kuwa ba su riƙe kowa ba, amma sun fi cin wuri. Su ke matse sauran, har kusurwar ta sauko digiri 104.5, alhali ta iskar metan 109.5 ce. Tanƙwarar nan ta sa gefen oksijin ya ɗauki caji mai ragi, gefen haidirojin mai ƙari. Da haka ruwa ke yayyage gishiri da kanwa a tukunyar iyayenku, man gyaɗa kuwa ya ƙi haɗuwa da shi don ba shi da inda ruwan zai kama.

Sai dai ba ko'ina tagwayen ke zama wuri ɗaya ba. A benzin, wanda akwai shi cikin fetur, ilektiron shida sun bazu kan zoben kabon shida, shi ya sa ɗaurin duka shidan tsayinsu ɗaya.

A 1990 wasu masana biyu, Becke da Edgecombe, suka fito da lissafin da ke auna inda tagwaye suka taru, daga 0 zuwa 1. In aka ba kwamfuta ƙwayar ruwa, sai ka ga taruwar ta fito a bayan oksijin, daidai inda Lewis ya ɗiga ɗigon da ke nuna ilektiron da alƙalami shekara 74 kafin nan.

Kai mai ɗaga hannu, tashi mu ji tambayarka.